Kada Tsoron Dusar Ƙanƙara Ya Sa Mu Kulle Yara a Ɗaki

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye Hausawa waɗanda karatu ko neman abinci ya kai ƙasashen sanyi, domin na san da yawansu suna karanta jaridar nan ta intanet, kuma na san abin da ke damunsu da zarar Disamba ta kama, tun da ni ma ya taɓa damuna.

Shekara huɗu ke nan muna zaune a Oulu, can arewacin Finlan, garin da a tsakiyar Disamba hasken rana ba ya cika awa huɗu. A sanyinmu na farko, wata rana na je ɗauko ɗiyata daga makarantar renon yara, lokacin tana 'yar shekara uku, sai na tarar da ita zaune dirshan cikin dusar ƙanƙara tana cika bokiti da ɗan shebur, ma'aunin zafi kuwa yana nuna digiri 10 ƙasa da sifili. Sai da gabana ya faɗi. Na tasam ma malamar da faɗa, domin mu da muka tashi a gida, ko hunturu kaɗan ya taɓa, ba a barin yaro ya fita sai hantsi ya dubi ludayi. Malamar ba ta ja da ni ba, sai ta ce in sa hannu a ƙeyar yarinyar. Na ji ɗumi, amma da danshin zufa, nan take ta nuna mini cewa laifin nawa ne, domin singiletin auduga na sa mata a ciki, ita kuwa auduga idan ta sha zufa riƙe ta take yi har ta huce a jikin yaro. Ulu ake sawa daga ciki, a ɗora rigar ɗumi, sannan a rufe da wata riga haɗe da wando wadda ruwa da iska ba sa ratsawa.

A ƙasar nan yaro ba ya shiga firamare sai shekarar da zai cika bakwai, kuma tun 2016 shawarar Ma'aikatar Ilimi ita ce yaron da bai kai takwas ba ya sami aƙalla awa uku yana motsa jiki kowace rana. Shi ya sa ake fitar da su waje safe da yamma, makarantu da yawa kuma ba sa fasa fita sai sanyi ya kai wajen digiri 15 ƙasa da sifili.

Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne kawai, sai daga baya na gane cewa a cikin dusar nan ake karatun. Akwai ranar da aka sa kowane yaro ya cika kofi da dusar ƙanƙara ya shigo da shi aji, aka tambaye su ko ruwa nawa za a samu. Duka suka ce kofi guda. Bayan sun tashi daga barcin rana sai ga ɗan ruwa kaɗan a gindin kofin, da ƙasa da ƙurar titi kwance a ciki, tun daga ranar ɗiyata ta daina cusa dusar a baki, abin da na yi wata biyu ina hana ta ba ta ji ba. Ita ce ta koya mini cewa idan ƙwayar dusar ta sauka a baƙar safar hannu za a ga tana da kusurwa shida, kuma ba kullum take dunƙuluwa ba: idan sanyi ya tsananta warwatsewa take yi kamar gari, sai ma'auni ya matso kusa da sifili sannan ake iya cura ta a gina mutum-mutumi. Suna bin sawun zomo da na kurege su bambanta su, suna barin ruwa ya kwana a bokiti ya daskare su sa kyandir a ciki.

Ni ma na sami tawa ribar. Da tsinke nake rubuta mata ɓ da ɗ da ƙ a kan dusar, kamar yadda muke yi a kan yashi muna ƙanana, ita kuma ta ƙirga curin da ta yi da Hausa.

Masu cewa sanyi ne ke kawo mura su tuna ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki. Haɗarin da ya kamata a ji tsoro shi ne daskarewar fata a kumatu da kunnuwa da yatsu, wanda ya fi wuyar ganewa a baƙar fata irin ta yaranmu, saboda haka a riƙa tambayar yaro ko wurin ya mutu, a ɗumama shi da tafin hannu, kada a murza, kada kuma a zuba ruwa mai zafi. Man da muka saba shafawa lokacin hunturu ba ya maye gurbin hula da safar hannu. A gargaɗi yaro kada ya lashi ƙarfe a waje, domin harshe mannewa yake yi, a maƙala masa abin da ke ƙyalli idan fitilar mota ta haska saboda duhu, kuma a kiyaye ba shi bitamin D kamar yadda asibitin yara ya umarta.

Ga wanda tsadar kayan ta firgita, shagunan gwanjo cike suke da su, domin yaro kaka ɗaya yake sa su ya fi ƙarfinsu. A sayi wanda ya ɗan fi shi girma, a rubuta sunansa a ciki, domin safar hannu ba ta jimawa ba ta ɓata ba.

Wassalam.

Wata uwa mai karanta jaridarku,
Oulu, Finlan