Agogon ƙirga taku yana da amfani, amma a daina cewa yana rage ƙiba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu in yi magana a kan waɗannan agoguna da ake yayin ɗaurawa a hannu yanzu, masu ƙirga taku da bugun zuciya da awannin barci, saboda tambaya ta yi yawa a kansu, ni kaina sau uku aka tare ni da ita cikin wata guda, wai idan mutum ya saya zai sauke masa tumbi? Na ƙarshe da ya tambaye ni ƙanina ne, likita ya ce masa ya rage nauyi don hawan jini ya fara leƙo shi, shi kuma abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ya je ya sayi agogo. Abin ya dame ni sosai wallahi, don na san hanyar, na bi ta.

Shekara biyu na yi da irin wannan agogo a hannuna, ba na cire shi sai zan yi masa caji. Makonnin farko kam ba zan yi ƙarya ba ya tayar da ni tsaye, da ma ni mai aikin zama ne, daga safe har yamma ina gaban kwamfuta, ranar farko da na duba na ga takuna bai kai 3,000 ba sai jikina ya yi sanyi, don a zuciyata ina ɗauka ni mutum ne mai zirga-zirga. To wannan gaskiyar da ya gaya mini ita ce babbar fa'idar da na samu a wurinsa kuma har yau ina yaba masa a kanta. Na fara fita tattaki da yamma, na daina hawa abin hawa zuwa inda ƙafa za ta kai ni cikin minti goma. Amma bayan wata huɗu na hau sikeli na ga nauyina yana nan inda yake, ko rabin kilo bai motsa ba, kuma da na zauna na yi wa kaina hisabi sai na gano inda matsalar take. Kullum da dare agogon zai nuna mini wai na ƙona kalori kaza, wato ma'aunin kuzarin da jiki ke samu daga abinci yake kuma ƙonawa, wata babbar lamba mai daɗin gani, ni kuma sai in ji ai na yi aiki yau na cancanci ƙari, in ƙara loma, in sha abu mai zaƙi da kwanciyar hankali. Abin da na zubar a hanya da yamma shi nake kwashewa a faranti da dare, wataƙila ma har da riba.

Daga baya ne na gane ba ni kaɗai ba ne. A shekarar 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani bincike da aka yi a Jami'ar Pittsburgh a Amurka, wanda Farfesa John Jakicic ya jagoranta. Sun ɗauki matasa kusan 470 masu nauyi fiye da kima, 'yan shekara 18 zuwa 35, aka ɗora su duka a kan tsarin rage cin abinci da motsa jiki da zaman ba da shawara, bayan wata shida sai aka ba rabinsu na'urar da ake ɗaurawa a damtse tana bibiyar motsinsu, sauran kuma aka bar su suna rubuta abin da suka ci da motsin da suka yi da kansu. Aka bi su har shekara biyu. Kowa zai yi zaton masu na'ura ne za su fi ramewa ko? To ba haka aka samu ba. Masu na'ura sun rage kilo 3.5, waɗanda ba su da ita suka rage kilo 5.9. Na san na'urar da aka yi amfani da ita tsohuwar yayi ce idan aka kwatanta da na yanzu, amma dai shekara biyu ba kwana biyu ba ne, kuma mutum 470 ba mutum goma ba ne, duk mai tallar agogo da sunan maganin ƙiba ya kamata a ajiye masa wannan sakamako a gabansa ya yi bayani.

Ita kuwa lambar kalori ɗin nan da ta yaudare ni, a nan ne gizo ke saƙar. Agogon nan fa ba shi da wata hanya ta auna abin da jikinka ya ƙona kai tsaye. Abin da ke cikinsa wata 'yar ƙaramar na'ura ce mai jin motsi, duk lokacin da hannunka ya yi lilo irin na mai tafiya sai ta ƙirga taku, sai kuma koren hasken nan da ke walƙiya a bayansa, wanda yake haska fata, jini yana shanye koren haske, to daga yadda hasken ke raguwa yana dawowa yake gane sau nawa zuciya ta buga. Shi ke nan abin da yake gani. Sauran duk lissafi ne, ya haɗa motsi da bugun zuciya da shekarunka da tsawonka da nauyinka ya yi kintace. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai a jikin mutum 60, har da Apple Watch da Fitbit Surge da Samsung Gear S2, suka kwatanta da kayan awo na asibiti. Wajen bugun zuciya shida daga cikin bakwai sun yi kyau, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wajen kalori kuwa babu ko ɗaya da ta ci jarrabawa, wadda ta fi kowacce ƙoƙari ta kauce da kashi 27 cikin 100, mafi muni ta kauce da kashi 93. Yanzu don Allah a ce sikelin da kake awo da shi yana iya kaucewa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, a mafi kyawun hali ma ke nan, wa zai yarda ya tsara cin abincinsa a kansa? Amma haka mutane da yawa ke yi kullum ba su sani ba, ni ma haka na yi.

Sannan ko da lambar daidai take, lissafin ba ya goyon bayan mai son rage ƙiba da tafiya kaɗai. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700, tafiyar kilomita ɗaya kuwa ga yawancin mutane ba ta cin kalori 100. Sai mutum ya yi rabin awa yana zufa a hanya, kwalba ɗaya ta abin sha mai suga ta mayar masa da kusan duka cikin minti biyu. Shi ya sa nake cewa ƙiba a baki ake yaƙarta kafin a zo ƙafa, agogon hannu kuma bai san abin da ya shiga bakinka ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa kayan banza ne, a'a sam. A 2022 wasu masana a Jami'ar Kudancin Ostareliya suka tattara bincike masu ɗimbin yawa da suka shafi mutum kusan 164,000, aka buga a mujallar Lancet Digital Health, suka ga cewa masu ɗaura irin waɗannan na'urori suna ƙara taku wajen 1,800 a rana, wato ƙarin tafiyar kusan minti 40, nauyin da ke sauka kuwa wajen kilo ɗaya ne. Kilo ɗaya ba zai canza wa kowa girman wando ba, amma taku 1,800 a kullum ga mutumin da ke wuni a kujera ba ƙaramin abu ba ne, zuciya tana amfana, suga yana daidaita, hawan jini yana sassautawa, barci yana gyaruwa, ko da sikeli bai nuna komai ba. Wannan shi ne abin da ke ɓata mini rai game da yadda ake tallarsa, an ɗauki abu mai amfani na gaske an lulluɓe shi da alkawarin da ba zai iya cikawa ba, sai mutum ya yi wata uku bai ga tumbi ya sauka ba ya ce ai motsa jikin ma ba ya aiki, ya jefa agogo a durowa ya koma kujera, alhali lafiyarsa ta riga ta fara gyaruwa bai sani ba.

Ga kuma maganar taku 10,000 da kusan kowane agogo ke sa maka a matsayin abin da za ka cika a rana. Mutane da yawa sun ɗauka likitoci ne suka yanke wannan adadi, alhali daga kasuwa ya fito. A 1965, jim kaɗan bayan gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku dubu goma, sunan ya yi daɗi a kunne ya bi duniya. Da aka zo aka auna da gaske, Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta a 2019 sun bi mata tsofaffi sama da 16,000 waɗanda matsakaicin shekarunsu 72, suka ga masu yin taku wajen 4,400 a rana haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa sosai idan aka kwatanta da masu 2,700, amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500 sannan ya daidaita. Na kawo wannan ne saboda iyayenmu da masu ciwon gwiwa da masu nauyi sosai, waɗanda idan agogo ya nuna musu 5,000 da dare sai su ji sun gaza, alhali idan daga 2,000 suka taso sun yi babban aiki. Ita Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba da taku take magana ba, cewa ta yi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiyar da za ta sa ka ɗan haki amma kana iya magana, sannan ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wannan na biyun agogo ba ya iya ƙirga shi da kyau, kana ɗaga ƙarfe ko kana tuƙa keke hannunka a kafe yake, sai ya ɗauka zaune kake, a ɗaya gefen kuma mai wanke-wanke ko mai yawan magana da hannu ko wanda mota ke jijjigawa a hanya mai gargada yana iya samun taku kyauta.

Babbar tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce, nan da shekara guda zai kasance a hannuna kuwa? A Singapore an yi wani gwaji da ma'aikata 800 aka buga a 2016, an raba wa mafi yawansu Fitbit, wasu har ana ba su ladan kuɗi idan sun cika taku. Lokacin da kuɗi ke shigowa kowa na tafiya, da aka tsayar da ladan sai tafiyar ta ja baya, kuma da shekara ta zagayo kashi 10 cikin 100 ne kawai suka rage suna amfani da na'urar. Mutum tara cikin goma sun ajiye. Ɗoki ne ke sa a saya, ɗoki kuma ba ya daɗewa, ga wahalar caji, ga wani lokacin fata ta yi ƙaiƙayi a ƙarƙashin madaurin idan zufa ta taru.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne duk abin da agogon nan ya tara, inda ka bi da lokacin da ka kwanta da yadda zuciyarka ke bugawa, yana tafiya ne zuwa rumbun wani kamfani. A farkon 2018 taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin da masu amfani da ita ke bi wajen gudu ta tona wuraren da sansanonin sojojin Amurka suke a ƙasashen waje, saboda sojojin suna sassarfa ba tare da sun kashe na'urorinsu ba. Mace mai fita tattaki ita kaɗai a lokaci ɗaya a hanya ɗaya kullum ya kamata ta shiga saitin manhajar ta rufe ɓangaren da ke nuna wa mutane hanyar da take bi tun ranar farko. Haka kuma don Allah kada wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na sarƙe masa ya kalli agogo ya ga lamba mai kyau ya fasa zuwa asibiti, wannan na roƙa da babbar murya.

Abin da na gaya wa ƙanina shi ne ya ajiye kuɗinsa tukuna, wayar da ke aljihunsa tana da irin wannan na'urar jin motsi, ya buɗe manhajar ƙirga taku ya riƙa yawo da ita mako biyu ba tare da ya canza komai ba don ya san ainihin inda yake, sannan ya ƙara taku 1,000 a kan haka, idan ya zauna masa ya sake ƙarawa. Na ce ya samu littafi ya riƙa rubuta duk abin da ya ci da wanda ya sha, har abin da ake ɗan taɓawa tsakanin abinci da abinci, ya hau sikeli sau ɗaya a mako da safe, ya auna ƙugunsa da tef duk wata. Idan wata uku suka wuce yana kan haka, kuma ya ga shi mutum ne da ganin lamba ke zaburarwa, ko yana son ya fara gudu yana buƙatar sanin bugun zuciyarsa ba tare da riƙe waya ba, to ya saya, mai sauƙi ma ya isa don wajen ƙirga taku da bugun zuciya yawancinsu suna yin aikin, kuma ranar da ya ɗaura ya shiga saiti ya ɓoye lambar kalori daga fuskar agogon kada ma idonsa ya riƙa sauka a kanta. Yau makonsa na biyar ke nan da littafin, jiya ya turo mini hoton shafin da ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashin abin sha mai zaƙi da ya ga ya sha sau tara a mako ɗaya, ya ce wallahi bai taɓa sanin ya kai haka ba.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.

Naku,
Wani mai karatu