Rahoton Ayyukan Shekara daga Sakatare

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

An yi tarurrukan wata-wata kamar yadda aka saba, kuma masu zuwa su ne dai waɗanda kuka sani.

Aikin da ya fitar da mu kunya bana shi ne ɗibar samfurin ƙananan halittun ruwa da muka yi da rani a Kogin Haɗeja. Wuri uku muka zaɓa: inda ruwa ke gudu a kan yashi, inda kachalla ta toshe hanya, da wani tafki da ambaliya ta bari. Kowane wuri sai an auna ruwan kafin a dagula shi: zafinsa, yawan iskar oksijin, da duhunsa, ta hanyar zura wani faifan awo mai suna Secchi da igiya har ya ɓace wa ido. Daga nan sai ragar hannu mai ido rabin milimita. Mutum ya kafa ta a ƙasan ruwa, ya tsaya ta inda ruwan ke zuwa, ya yi ta burma ƙasa da ƙafa har minti 3. Yashi bai ba da abin kirki ba, sai da aka shari gindin ciyawa.

Da aka juye a farin tire, ɗaliban da muka gayyata suka yi caa a kai. Ga tsutsar mazari, ga katantanwa, ga jajayen tsutsotsin da ke jure ruwan da oksijin ya yi wa ƙaranci. A cikin kachalla waɗannan jajayen suka fi yawa, na'urar auna oksijin ma ta nuna ƙarancinsa a wurin. Mun hana kowa shiga ba takalmin roba, don wasu katantanwar su ke ɗauke da cutar tsargiya. Sauran samfur an zuba shi a kwalabe cikin etanol, sinadarin da ke hana shi ruɓewa, mai ƙarfin kashi 70, kowace da sunan wuri da kwanan wata.

Masunta kuwa, Allah ya saka musu da alheri. Sun ba mu kifi muka feɗe don a ga wa ke cin wa: cikin ƙarfasa gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, ƙurungu tsutsa da ƙananan katantanwa, tarwaɗa kuwa ba ta zaɓe. Wani dattijo tun ba a sa wuƙa ba yake faɗin abin da za a tarar, kuma bai kuskure ba. Shi ya ba yaran labarin yadda kogin ke janyewa da rani kafin dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992, da yadda ruwan da ba ya ƙafewa ya ba kachalla gindin zama.

To, fitar damina ba a yi ta ba, kuma na ji ana ta guna-guni. Kwamiti bai yi barci ba. Da damina sai da kwale-kwale, ga man mota, ga etanol, na'urar oksijin ma aro muke yi. Da me za a yi, alhali yawancinku ba ku biya kuɗin shekara ba? Asarar ba ƙarama ba ce, domin lokacin ambaliya ne kifi ke fantsama cikin fadama ya ci ya hayayyafa. Samfurin rani kaɗai ba ya nuna yadda abincin kogi ke sauyawa.

Kwalaben ma suna nan a kabad ba a gama tantance su ba. Waɗanda suka ɗaga hannu cewa za su zauna a kan madubin ganin ƙananan halittu, tun ranar ban sake ganinsu ba sai a WhatsApp, inda suka fi kowa kawo shawara.

Ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a taro mai zuwa. Wanda ba ya son jin nasa, ya same shi kafin ranar.

Wassalam,
Sakatare