A biya kuɗin maganin kyauta a kan kari

Malam Edita,

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 za su sha magani kyauta, haka ma mata masu haihuwa ta tiyata. A Satumbar 2024 kuma aka rage rabin kuɗin ganin likita da awo a asibitocin gwamnati. Mun gode, amma ga inda gizo ke saƙa.

Cibiyar lafiya takan duba yaro, ta ba da magani daga ajiyarta, ta cika takardu, ta aika sama tana jiran a mayar mata da kuɗinta. In biyan ya yi jinkiri, da me za ta sake sayen magani? Sai kantar magani ta bushe. Lokacin damina, da zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakunan yara a Maradi, sai a miƙa wa uwa takarda ta nufi farmasi. Wadda ba ta da hali takan koma wa masu tallar ƙwayoyi a faranti, waɗanda rana ta gama dafawa.

Muna roƙon hukuma ta riƙa biyan cibiyoyin kowane wata uku ba fashi, a kafe sabon farashi a ƙofar kowane asibiti da Hausa, kuma duk wanda ya biya ko dala ɗaya ce ta sefa, a ba shi rasit.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Maradi