A gyara wa yaranmu riƙon kilarinet

Assalamu alaikum Edita. Ka ɗan ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan abin da na gani a faretin Ranar Yara, 27 ga Mayu, a nan Bauchi.

Ni tsohon ɗan badujala ne, na shekara ashirin da ɗoriya ina busa kilarinet, wani dogon abin busa mai ramuka da maɓallai, kafin in ajiye kaki. Ƴan badujalar wata makaranta sun zo wucewa, ganguna tsaf, amma masu kilarinet ɗin nan uku sai ƙiii kake ji kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Da aka tashi na sami malaminsu, ya ce ai kayan ne suka tsufa. Na karɓi ɗaya na duba, lafiyarsa ƙalau. Bakin busar ne aka murɗa a karkace.

Siririn karan nan da ake ɗaurewa a bakin, shi ne mai fitar da sauti, kuma dole ya yi layi ɗaya da ramin baya da maɓallin da babban yatsan hagu ke dannawa. In ya goce ko kaɗan, yaro zai karkata wuya ko ya murɗa hannu don ya bi shi, daga nan yatsu sun bar kan ramuka. Iska ta sami kafa, sai ƙara.

Hannun dama ma haka. Akwai ƴar ƙugiya a bayan kilarinet, ita ke ɗaukar nauyin, wurin zamanta tsakanin farce da gaɓar babban yatsa. Yaran nan sun cusa yatsan har gindi, sauran yatsun suka sandare. A lanƙwasa su kamar an riƙe lemo, tsokar yatsa ta toshe rami.

Abin da ya ba ni dariya shi ne kumbura kumatu da ɗaga abin sama. Ban ga laifinsu ba, algaita suka tashi suna gani a hawan Sallah. To ita algaita kara biyu gare ta, dukansu cikin baki suke shigewa, mai busa ya tara iska a kumatu. Shi kuwa kilarinet ɗan Jamus ne, a Nuremberg aka fara ƙera shi wajajen 1700, karansa ɗaya. Haƙoran sama su hau kan bakin, leɓen ƙasa ya ɗan rufe haƙoran ƙasa, kumatu a lafe, jikin kilarinet ɗin ya sunkuyo kamar digiri 35 zuwa 45 daga ƙirji.

Roƙona ga shugabannin makarantu, kafin a ce a sayo sababbi a nemi wanda ya san hannu ya duba. Muna nan da yawa a gari, muna zaman kashe wando. Ni dai Asabar da hantsi ba ni da aikin komai, kuɗin Keke Napep kawai za a ba ni.

Daga wani tsohon ɗan badujala, Unguwar Jahun, Bauchi.