Ƙarar Tafet A Tsohuwar GMC: A Bincika Kafin A Sauke Inji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana da 'yan uwa direbobi masu jan tsofaffin GMC da Chevrolet masu injin 350 a nan Jidda da Makka. Da zarar inji ya fara tak-tak-tak daga sama, sai a ɗura masa maganin kaurara mai, ko a ce a sauke shi. Duka biyun garaje ne.

Tafet, wato 'yan ƙarafan da ke turawa bawul ya buɗe, 16 ne a wannan inji, kuma da matsin baƙin mai suke aiki. Ƙarar da ta zo da asuba ta ɓace cikin 'yan daƙiƙu ba cuta ba ce, mai ne ya tsiyaye cikin dare. Wadda ta zauna bayan inji ya ɗau zafi ita ce abin bincike. A ɗora bakin dogon sukudireba a kan murfin bawul, a kara kunne a ƙotar. Ƙarar tafet siririya ce, bugu ɗaya a kowane juyi biyu na karanshaf, babban sandan da fistin ke juyawa a ƙasan inji. Idan mai nauyi ce daga ƙasa, tana ƙaruwa in an taka totur, metal ne, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinta. Idan tana raguwa da zafi, a duba gaskit ɗin bakin salansa, ya sha yaudarar kanikawa.

Sai mai. Ƙarancinsa matsala ne, yawansa ma haka, domin karanshaf zai kaɗa shi ya yi kumfa, iska ta shiga tafet. A ɗaura agogon awon matsin mai: ana son kusan psi 10 (ma'aunin matsi) ga kowane juyi 1,000 a minti. In bai kai ba, a tuhumi famfon mai ko metal, sabon tafet ba zai yi magani ba. Zafin ƙasar nan da ƙura kuwa suna daskarar da dauɗa ta toshe 'yar ƙofar tafet, don haka a yi juye da sabuwar filta, kusan lita 4.7.

Ƙarar ba ta tafi ba? A cire murfin bawul, inji yana silo. A sassauta notin roka, hannun da ke danna bawul, har ya yi ƙara, a ɗaure har ya yi shiru, sannan a ƙara rabin juyi, sannu a hankali. Wanda ya ɗaure fiye da kima zai bar bawul a buɗe har ya ƙone.

Tafet ɗin da ya ƙi yin shiru, sai an ɗaga manifol ɗin sama a zaro shi. A duba gindinsa da kyau: in ya lotsa kamar cokali, kamshaf, sandan da ke ɗaga tafet, ya cinye, tare za a canza su. Tsohon tafet kuma ramin da ya fito nan zai koma, kada a musanya. Bayan sa sababbi, a riƙe inji a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20, kada a bar shi a silo.

Wassalam.

Wasu kanikawa Hausawa,
Jidda, Saudiyya