Wasiƙa zuwa ga abokina kan Baibul mai sarƙa

Mutumina,

Ya gida, ya yara, ya sanyin can? Mu nan lafiya lau.

Maganar da ka turo min cewa wai Katolika sun ɗaure Baibul da sarƙa don kar talaka ya karanta, gaskiya ban ɗauke ta duka ba. Sarƙa kam akwai, har yau in ka shiga babban cocin Hereford a Ingila za ka ga littattafai ɗaure a jikin kanta, amma tsoron ɓarayi ne. Kafin Gutenberg ya buga nashi da injin ɗab'i a Mainz ta Jamus wajen 1455 da hannu ake kwafar komai, kamar yadda alarammomi ke rubuta Alƙur'ani a nan, sai dai su yawanci a kan fata suke yi. Akwai wani Baibul, Codex Amiatinus, da aka rubuta a arewacin Ingila wajen shekara ta 700, fatar maruƙa sama da 500 ya ci, nauyinshi ya haura kilo 30, to wane manomi ne zai mallaki wannan, shi da ko baƙi bai sani ba? Ɗan abin da ya sani na Nassi a wa'azi ya ji, sai waƙa da zanen jikin bangon coci.

Latin ɗin ma da ake ta zagi, lokacin da Paparoma Damasus ya sa malami Jerome aikin gyara fassarar Baibul ta Latin a 382 ai shi ne yaren kasuwa a Roma. Bakin mutane ne ya canza, littafin ya tsaya inda yake.

Ba wanke su nake ba fa. A 1229 taron Toulouse a kudancin Faransa ya hana wanda ba limami ba ajiye Baibul, Zabura kawai aka bar mishi da littafin addu'a, saboda rikicin 'yan Kathar, wata ƙungiya da cocin ke ɗauka 'yan bidi'a. A Ingila bayan fassarar Turanci ta mutanen Wycliffe, wani malami mai sukar cocin, Akbishop Arundel ya kafa doka a 1409, ba mai fassara zuwa Turanci sai da izinin bishop. Tyndale kuwa, wanda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Turanci, shaƙe shi aka yi a 1536 aka ƙona gawar. Wannan ba ta da kare kai.

Amma duba Jamusawa, Baibul 18 aka buga da yarensu kafin Luther, jagoran Furotesta da suka ɓalle daga Katolika, ya fito da nashi, na farko a Strasbourg tun 1466, Italiya ma ta samu nata a Venice a 1471. Kenan abin ya danganta da gari da kuma wa ake tsoro a lokacin. A ganina matsin gaske bayan Luther ya zo, da Roma ta fitar da jerin haramtattun littattafai a 1559, karatu da yaren gida ya koma sai da takardar izini, Italiya da Sifen suka fi shan wuya, ba a sassauta ba sai 1757.

In za ka sake wannan gardamar da surukinka, ka tambaye shi wace ƙasa yake nufi, wace shekara. Ka gaida Madam da yara.

Naka,
abokinka na kullum