Amsa ga ƙanena injiniya: yadda za ka raba lokacinka a taron intanet

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar da matasan injiniyoyi suka yi zama a Utako ka miƙe gaban jama'a ka jefo mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure ban ba ka amsar da ta kamata ba. Ka ce ka yanki tikitin wani taro na masu aikin ƙananan kwamfutocin da ake dasawa cikin na'urori, irin na mitar wuta da inbata da POS. Ta intanet za a yi shi, kwana huɗu, masu shiryawa suna Amurka, laccoci sun fi ƙarfin awanninka, ga ofis har ƙarfe biyar, ga gida a Mararaba. Ka ce ta ina za ka fara. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, kuma mutane da dama sun gyaɗa kai, bari amsar ma ta fito fili.

Maganar a taƙaice: lokacin da za ka zauna kai tsaye, ka kashe shi kan abin da faifai ba zai ba ka ba. A irin waɗannan taruka yawancin laccoci ana naɗarsu, wasu ma tun kafin ranar an gama naɗa, ɗorawa kawai ake yi idan lokaci ya yi. Waɗannan ba inda za su. Abin da ke wucewa shi ne zaman tambaya da amsa da mai laccar, da bitar aiki da hannu inda malami ke jiran ka kammala mataki, da hirar da mahalarta ke yi a gefe. Don haka tun kafin ka duba sunan kowace lacca, buɗe sharuɗɗan tikitinka ka ga har yaushe za a bar maka faifan, kuma ko bitar ma ana naɗa ta. Duk tsarinka a kan wannan amsar zai zauna.

Sai agogo, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Nijeriya tana gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya rani da damina, ba ma taɓa agogonmu. Su kuwa suna taɓawa. Gabashin Amurka, wato su Niyok da Boston, daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadi ta farko ta Nuwamba muna gabansu da awa 5, sauran watannin kuma awa 6. Ƙarfe 11 na safe a can a watan Afrilu, ƙarfe 4 na yamma ke nan a Abuja. Idan da lokacin Kalifoniya aka rubuta jadawalin, ƙara awa 3 a kai: ƙarfe 9 na safensu ya zama 5 na yammarmu, 12 na ranarsu ya zama 8 na dare. Jamus da sauƙi: a lokacin sanyinsu agogonmu ɗaya, daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma sun fi mu da awa ɗaya. Lura cewa Amurka da Turai ba rana ɗaya suke juya agogo ba, akwai mako biyu ko uku a Maris da lissafin da ka saba ba zai yi aiki ba. Akwai kuma wani tarko: masu shiryawa da yawa sukan rubuta EST (agogon sanyi na gabashin Amurka) a tsakiyar Mayu alhali EDT (agogonsu na bazara) suke nufi, bambancinsu awa guda cur. Kada ka yi lissafi da ka. Sauke fayil ɗin kalanda da suke bayarwa, shigar da shi a wayarka, tabbatar wayar da laftof duk suna kan lokacin Legas, wato na Nijeriya, sannan ka gwada lacca ɗaya da hannu ka ga ko ta yi daidai.

Da ka yi haka za ka ga taron ya faɗo maka tsakanin La'asar da bayan Isha, daidai lokacin da hanyar AYA zuwa Nyanya take cushewa. Wanda ya tashi daga ofis ƙarfe biyar ya nufi Mararaba, a cikin mota zai yi rabin taron, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Zaɓi biyu gare ka. Ko ka roƙi oga ka riƙa tashi ƙarfe biyu a ranakun, ko ka nemi izinin zama a ofis har bayan Isha, ka tafi gida hanya ta saki. Ni na fi ganin na biyun, musamman idan ofishin yana da inbata, kuma oga ya fi saurin yarda da abin da ba zai rage masa awannin aiki ba. Ka kai masa maganar da mako guda, da sunan laccocin da suka shafi aikin kamfani a rubuce. Sannan ka fara sa salloli a kalandar kafin komai: a watannin Afrilu da Mayu, La'asar wajen ƙarfe huɗu, Magariba wajen bakwai saura, Isha wajen takwas. Tsakanin Magariba da Isha ɗan lokaci ne, zaman tambaya da amsa na minti 20 zai shiga, bitar awa biyu ba za ta shiga ba.

Abin da ya rage kuma kada ka cika shi maƙil. Ka san lissafin masana kwamfuta Liu da Layland na 1973 kan tsara ayyuka masu maimaituwa a furosesa ɗaya: idan ana ba aiki mafi gajeren zango fifiko, tabbacin cewa kowane aiki zai cika wa'adinsa yana nan muddin nauyin bai wuce kusan kashi 83 cikin ɗari ba ga ayyuka biyu, kashi 78 ga uku, yana sauka har wajen kashi 69 idan ayyukan suka yi yawa. Ba don mutum aka yi lissafin ba, amma ka ari lambar. Idan awa biyar gare ka a maraice, tsara uku da rabi. Sauran na wutar da za ta ɗauke ne, da mai laccar da zai zarce lokacinsa, da kiran waya daga gida, da rubuta abin da ka ji kafin ya gudu.

To wace lacca za ka zaɓa? Ba wadda sunanta ya fi daɗin ji ba. Ɗauki takarda ka rubuta matsaloli uku da ke kan teburin aikinka yanzu, da lambar maikirokontirolar, wato cif ɗin da ke sarrafa na'urar, da kake aiki da ita. Misali: na'urar bibiyar babur tana sandarewa idan batir ya yi ƙasa, kuna son sabunta famwaya, wato manhajar da ke cikin na'urar, daga nesa a kan layin 2G da ke yankewa, mitar da kuka haɗa tana rubuta karatu a filash, wato ma'ajiyar bayanai ta cikin cif, duk minti ɗaya. Wannan na ƙarshen lissafinsa a fili yake. Filash ɗin cikin yawancin cif-cif samfurin STM32 sharewa 10,000 kamfani ya lamunce wa kowane shafi, a rana kuma akwai minti 1,440, ke nan idan shafi ɗaya ake sharewa a kowane rubutu, cikin mako guda an cinye lamunin. Mai wannan matsalar, laccar da ke magana kan rarraba rubutu a filash ta fi masa amfani fiye da goma kan basirar na'ura. Mai matsalar sabuntawa ya nemi inda za a yi maganar MCUboot, manhajar da ke tayar da na'ura tana kula da sabuntawa, da ajiye kwafin famwaya biyu, da komawa kan tsohon idan sabon ya ƙi tashi. Duk laccar da ba ta taɓa ɗaya daga cikin ukun nan ba, ta jira faifai.

Karanta taƙaitaccen bayanin kowace lacca da kyau. Idan ka ga lambar cif, sunan kayan aiki, alkawarin nuna kod ko awon osiloskof (na'urar nuna siginar lantarki a allo), da alama akwai nama. Idan mai maganar daga sashen kasuwancin kamfani yake kuma bayanin cike yake da yabon sabon kaya, talla ce, ba laifi ba ne, da kuɗinsu ake rage farashin tikiti, amma ba ta cancanci maraicenka ba. Sai dai in cif ɗinsu kake amfani da shi. A nan kam shiga, domin injiniyan da ke amsa tambayoyi a gefe yakan san abin da ke cikin takardar kurakuran cif ɗin fiye da kowa. Ka bar wa sha'awa gurbi ɗaya tak, ko yaren kod na Rust ne ko Zephyr, manhajar gudanar da ƙananan na'urori, abin da ba ka aiki da shi yau amma kana jin ƙamshinsa.

Idan an ɗora lacca kafin zaman tambayarta, kalle ta da safe ko lokacin hutun rana, ka shiga zaman da tambaya a rubuce. Zaman gajere ne, masu tambaya da yawa, wanda ya tsaya tsara Turanci a lokacin sai ya ga an rufe. Tambayar ma iri-iri ce; ɗauki misalin FreeRTOS, wata manhajar gudanar da ƙananan na'urori, a kan bod, wato allon da cif ke zaune a kai. Wanda ya ce "FreeRTOS yana faɗuwa a bod ɗina, me zan yi?" addu'a kawai za a yi masa. Wanda ya ce ga cif ɗinsa Cortex-M4, ga lambar fitowar FreeRTOS, yana kiran xQueueSendFromISR daga intarof (siginar da ke katse aikin furosesa) na tashar saƙo ta UART mai fifiko 2, na'urar tana faɗuwa bayan wasu awanni idan saƙo ya yi yawa, nan take za a tambaye shi nawa ya sa configMAX_SYSCALL_INTERRUPT_PRIORITY. Za a tuna masa cewa a Cortex-M ƙaramar lamba ita ce babban fifiko, kuma intarof ɗin da ya fi wannan iyaka fifiko ba shi da izinin kiran komai na FreeRTOS. Minti biyu, an warware abin da zai ci mako. Tsarin ke nan: cif, lambar fitowa, abin da ka yi, abin da ka gani, abin da ka riga ka gwada. Layi huɗu, ajiye a fayil, kwafa kawai za ka yi.

Bitar aiki da hannu ita ce ta fi kowane zama tsada, ita ce kuma aka fi ɓatawa. Ba ranar ake shirya mata ba. Kwana uku kafin nan ka sauke duk kayan da aka lissafa. STM32CubeIDE, manhajar rubuta kod na STM32, kusan gigabayit ɗaya ne, Zephyr kuwa idan ka ba da umarnin west update zai janyo tarin ma'ajiyoyi na kamfanoni daban-daban, gigabayit da dama; yi da datar dare. Bayan saukewa, gina misalin da ke kunna fitila yana kashewa, tura shi kan bod, ka ga fitilar tana ƙiftawa da idonka. Kafin ka ga haka ba ka shirya ba. Abubuwan da ke tsayar da mutane ƙanana ne. Kebul ɗin USB na caji zalla, babu wayoyin data a ciki: bod ya kawo wuta, kwamfuta ba ta gan shi ba, mutum ya yi ta sake girka direba a banza. Sayi biyu masu kyau a kasuwar kayan lantarki ta Banex ka gwada su da waya, in sun kwafi fayil to suna da data. Bod ɗin ESP32 mai cif ɗin USB na CH340 ko CP2102 yakan nemi direbansa a Windows. A Ubuntu kuma sai ka sa kanka a rukunin dialout, ka fita ka sake shiga, kafin a ba ka tashar siriyal, ST-LINK, na'urar tura kod zuwa STM32, kuma yana son dokokin izini na udev nasa. Idan bod ɗin da aka ce a tanada daga waje za a aiko shi, makonni yake ɗauka. In bai iso ba, tambayi malamin tun da wuri ko Renode ko Wokwi, manhajojin da ke kwaikwayon bod a kwamfuta, za su wadatar.

Data lissafinta ba wuya. Megabit ɗaya a daƙiƙa na tsawon awa guda megabayit 450 ne. Bidiyon da ke cin megabit ɗaya da rabi, awa uku da rabi a rana, kwana huɗu, ya kusa gigabayit 10. Tanadi 15, da layi na biyu na wani kamfanin daban, domin hadarin farkon damina a Abuja da maraice yakan taso. Za ka so rage hoton zuwa 360p, amma kod ba ya karantuwa a haka. Dabarar ita ce ka sauke silaid tukuna, ka rage hoton lokacin da ake zuba bayani, ka ɗaga shi zuwa 720p idan an buɗe edita ko allon osiloskof. Kyamararka a kashe sai za ka yi magana. Wuta kuma: fawa bank mai 20,000mAh a bolt 3.7 wat-awa 74 ke nan a takarda, bayan asarar juyawa ka ƙaddara 60. Laftof mai jan wat 25 zai samu ƙarin awa biyu da 'yan mintuna, in har yana caji ta USB-C kuma fawa bank ɗin yana fitar da ƙarfin da yake nema. Duba rubutun jikinsu, da yawa waya kawai suke iya cajawa. Rawuta ma ta samu nata ƙaramin batir, don idan ta mutu lokacin da ake juyawa zuwa janareta, kafin ta farfaɗo an amsa tambayar wani.

Faifan da ka ce za ka kalla daga baya, sa musu rana da awa a kalanda tun yanzu, cikin mako biyu na bayan taro, in ba haka ba tikiti zai ƙare suna nan jibge. Kada su wuce shida. A gudun ɗaya da rabi laccar minti 50 takan koma 33, amma ka dawo da ita gudunta na asali duk inda aka nuna kod. Daga kowace lacca fitar da layi uku: abin da aka ce, minti na nawa aka faɗa, da gwajin da za ka yi a kan bod ɗinka. Idan ku biyu ko uku ne masu tikiti a ofis, ku raba laccocin da suka ci karo, ranar Asabar kowa ya zo da layukansa da bod ɗinsa a haɗa a gani. Kalmar sirrin shiga dai kowa ya riƙe tasa, yawancin tikiti na mutum ɗaya ne.

Ka gaida abokan aikinka.

Naka,
Yayanka a sana'a, Abuja